Kabewar kaka a tanderun laka: kundin aikin gashi daga karkarar Bunkure

Asabar, 19 ga Oktoba, 2024

Kabewa ta fara shigowa gida. A nan wajenmu ba a cika ware mata gona ba, gefen dawa da masara ake jefa irinta, ko a bar ta ta hau danga a bayan gida, amma idan kaka ta yi sai ta fi ƙarfin tukunyar miyar taushe. Daga yanzu zuwa ƙarshen Nuwamba araha take, bayan nan kuma wadda ba ta samu ajiya ba sai ruɓa. Abin da ƙungiyarmu ta masu gurasa da waina ta sa a gaba shi ne shigar da ita cikin kek da burodi, a gasa a nan ƙauye, ba lantarki ba gas, a rubuta awo da lokaci yadda kowace mace za ta ɗauka ta yi ba sai ta aiko tambaya ba.

Ba kowace kabewa ke yin gashi ba. Wadda muke ware wa ita ce mai taurin ɓawo, wadda farce ba ya shigarta, hancinta ya bushe ya yi katako, kuma ta fi girmanta nauyi a hannu. Idan aka yanka, naman ya zama ja-ja mai kauri. Mai farin ciki da sanyin nama ruwa ce zalla, ta miya ce. A ɗanɗana ɗanyen yanki kafin komai: in da ɗaci a zubar da ita gaba ɗaya, kada ma a ba dabba, domin dafuwa ba ta kashe abin da ke kawo wannan ɗacin, kuma yana ɓata ciki ƙwarai.

Waɗanda za a ajiye an bar musu hancinsu tsawon yatsa, za su sha rana kwana goma ɓawon ya ƙara tauri, sannan su hau rumfa a inuwa, ba a kan daɓe ba, kuma kada wata ta taɓa wata.

Asabar, 26 ga Oktoba

Duk matsalar kabewa a gashi ruwa ce. Kusan kashi 90 cikin 100 na namanta ruwa ne, kuma wannan ruwan ne ke sa kek ya yi danƙo a tsakiya bayansa ya riga ya ƙone. Shi ya sa kafin a taɓa fulawa aka tsaya a kan yadda za a dafa ta.

Kabewa mai kilo 4 ta ba da nama kilo 2.9 bayan an fere an kwashe 'ya'ya da zaren ciki. An raba shi uku, kusan kilo ɗai-ɗai. Wanda aka dafa cikin ruwa ya fito bai rage komai a sikeli ba, launi ya koɗe, zaƙin ya tafi cikin ruwan. Wannan hanyar mun ajiye ta. Wanda aka turara a madambaci minti 25 ya riƙe launinsa, amma sai da aka dama shi, aka ɗaure a ƙyalle mai tsabta aka rataye awa biyu, kafin ya sauko giram 650. Na ukun an gasa shi a kife cikin tukunya a kan garwashi, ya sauko wajen giram 600 ba tare da tacewa ba, kuma ya fi sauran zaƙi da ƙamshi nesa ba kusa ba, don wuta ta kori ruwan ta bar sukarin.

Ga yadda ake gane damammiyar kabewa ta kai: a ɗebi cokali ɗaya a ɗora a faranti, a ɗan karkata shi. In ta zauna yadda aka ajiye ta, ta yi. In ruwa ya kewaye ta cikin minti ɗaya, a mayar ƙyalle. Ruwan da ya ɗiga ba a zubarwa, da shi ake kwaɓa burodi ko a zuba a miya.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An gwada wuraren gashin da muke da su a hannu. Tanderun gurasa bai karɓi kek ba, kuma ba laifinsa ba ne. An yi shi ne don abu mai faɗi da ake mannawa a jikinsa ya gasu cikin 'yan mintoci, yadda masu gurasar birnin Kano suka gada tun zamanin fataken Larabawa masu ƙetaro Sahara. Zafinsa ya yi wa ƙullu mai sukari da ƙwai yawa, bakinsa kuma a sama yake, zafin na tserewa da zarar wuta ta lafa.

Sai tukunya da yashi, wadda mata da yawa ke yin kek ɗin biki da ita. Yashi mai tsabta kaurin yatsa uku a gindin babbar tukunya, a ɗora a kurfoti minti 15 ya yi zafi, a aza duwatsu uku ko murfin gwangwani, gwangwanin kek a kai, a rufe. Ƙananan kek sun gasu cikin minti 25 zuwa 30. Babban gwangwani kuwa ƙasansa ya yi baƙi, samansa fari fat, ga gumi na ɗigowa daga murfi yana huda shi. Wuta daga ƙasa kaɗai take zuwa.

Mutanen da ke nesa da gari sun daɗe da gane wannan. Buzaye a Sahara suna binne kwaɓin alkama a yashi mai zafi su rufe da garwashi, ya gasu ta sama da ƙasa, su kakkaɓe yashin. Makiyayan dajin Ostireliya suna gasa nasu burodin cikin toka, ko a tukunyar ƙarfe da garwashi a kan murfi. Da aka kwashe kashi biyu cikin uku na garwashin kurfoti aka ɗora a kan murfin tukunya, saman kek ya yi ja, gumin ya daina. Ga mai yin gwangwani ɗaya don gida, wannan ya wadatar. Ga sana'a bai isa ba, gawayin ya yi yawa a kan kek ɗaya. Za a gina tanderu mai ƙubba, mai ƙofa a gefe.

Asabar 9 zuwa Asabar 16 ga Nuwamba

Ginin tanderu. Baba magini ya fara da gwajin ƙasa, kuma a nan ne ya kamata mai son yin irinsa ya bi a hankali. An ɗebo laka daga kududdufin da ake yin tubali, an haɗa da yashin rafi mai kaifi awo uku: ɗaya da ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da uku. Kowanne an yi ɗan bulo da shi, an ja layin santimita 10 a kai, an bari ya bushe. Na ɗaya da ɗaya ya tsuke ya tsage. Na ɗaya da uku yana marmashewa in an murza. Na laka ɗaya yashi biyu ya tsaya, layinsa bai rage abin kirki ba. Lakar wani gari za ta iya neman wani awon, don haka kada a ɗauki namu a ce shi ke nan. Kwaɓin kuma ba kamar na yaɓe ba ne, ruwa kaɗan yake so: a dunƙula a saki daga ƙirji, ya faɗi ya ɗan baje ba tare da ya tarwatse ba.

Dakalin da tanderun ya hau murabba'i ne, santimita 130 kowane gefe, tsayi 70, don kada mai gashi ta yi ta sunkuyo. An gina da tubali, an cika ciki da ƙasa an daɓe. A saman an jera kwalaben lemo a kwance, ba sa taɓa juna, an cike tsakaninsu da buntun shinkafa da aka cuɗa da ruwan laka, kaurin santimita 12. Wannan shimfiɗar ce ke hana zafi zurarewa ƙasa, kuma ita mutane suka fi tsallakewa, daga baya su ce tanderu ba ya gasa gindin burodi. Buntu dai ba a nemansa a nan, ga injinan casar shinkafa na Kura kusa. A kan wannan aka baza rairayi aka daidaita, aka jera jan bulo ƙonanne a matse, ba siminti ba laka a tsakani.

An zana da'ira mai faɗin santimita 80 a kan bulon, aka tara jiƙaƙƙen yashi aka yi masa siffar ƙubba mai tsayin santimita 45, aka lulluɓe da jiƙaƙƙiyar takarda don a gane iyakar yashi ranar kwashewa. Lakar farko, mai yashi, ba ciyawa ba buntu, an ɗora ta dunƙule-dunƙule daga ƙasa ana kewayawa, kaurin santimita 10, ana danna kowane dunƙule a kan na ƙasansa ba a jikin yashin ba. Ita ce mai shan wuta ta riƙe. Washegari, da ta ɗan kama jikinta, aka yanka ƙofa: faɗi 35, tsayi 28.

A kan tsayin ƙofar nan aka ɗan yi ja-in-ja. Goggo mai gurasa ta ce, "Malam, a ɗaga ta mana, tire ba zai shiga da daɗi ba." Ya ce, "Hajiya, in na ɗaga miki ita, zafin da kika saya da itace ta nan zai fice. In kuma na sauke ta, wuta ta shaƙe." Gaskiyarsa. Awon da maginan irin wannan tanderu ke bi shi ne tsayin ƙofa ya zama kusan kashi 63 cikin 100 na tsayin ƙubba, ta yadda iska ke shiga ta ƙasan ƙofa, hayaƙi na fita ta samanta, ba sai an yi bututu ba. Tire aka rage wa baki.

Bayan kwana uku aka kwashe yashin ta ƙofa har aka iso takarda. Sannan riga ta biyu, buntu da ƙaiƙayi da laka kaɗan, iya wadda za ta riƙe su, ita ma santimita 10. Siminti bai shiga ko'ina ba: a ciki wuta na farfasa shi, a waje kuma yana kulle danshi a jikin laka. Yaɓen ƙarshe da makuba sai ya gama bushewa, rumfar kwano kuma kafin damina.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Iskar hunturu ta busar da bayan tanderun tun cikinsa na ɗanye, tsaga ta fito a wuyan ƙofa da gefen gabas. An rufe shi da jiƙaƙƙen buhu da rana. Tsagar da ba ta kai kaurin tsinke ba an ƙyale ta, duk tanderun laka yana da ita, tana buɗewa da zafi ta koma da sanyi. Wadda yatsa ke shiga an jiƙa bakinta an cusa irin kwaɓin farko. Tun shekaranjiya ake hura 'yar wutar kara a ciki, rabin awa safe da yamma, ana ƙarawa a hankali.

Asabar, 7 ga Disamba

Cikakkiyar wuta ta farko. Karan dawa da totuwar masara ne suka tada ta, sannan siraran itace busassu. Ba leda, ba roba, ba kananzir, don laka na shan wari ta mayar wa burodi. Da farko cikin ƙubbar ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Wajen awa ɗaya da rabi sai baƙin ya fara gogewa daga tsakiyar sama, cikin awa biyu ya yi fari har ƙasa. Wannan ce alamar laka ta ƙoshi. Kafin farin nan ya sauko, ko harshen wuta na fitowa ta ƙofa, tanderu bai yi ba.

An baza garwashin ya rufe bulon duka na minti goma, an kwashe shi cikin bokitin ƙarfe, an goge bulon da jiƙaƙƙen tsumma a kan sanda, an rufe da ƙofar katako da ta kwana a ruwa. Minti 20 a rufe, don zafin sama da na ƙasa su daidaita.

An samo ma'aunin zafi guda daga Kano, ba don kowa ta saya ba, sai don a daidaita shi da gwajin gari, wanda ba ya cin kuɗi. A barbaɗa fulawa kaɗan a tsakiyar bulo a ƙirga. In ta yi baƙi kafin a kai goma, zafin ya haura digiri 270, gurasa kaɗai ke shiga. In ta yi ja a wajen ƙirga talatin, digiri 220 zuwa 230 ke nan, lokacin burodi. In sai ta yi minti biyu zuwa uku kafin ta yi ruwan zuma, an sauko 175 zuwa 180, kek ya shiga. A namu tanderun, daga buɗewar farko zuwa zafin burodi rabin awa ne, daga nan zuwa na kek kusan awa guda.

Bayan haka zafin ya zauna wajen 150 ya ƙi sauka da wuri. Nan aka raba kabewa biyu, aka kwashe ciki, aka kife a tire aka tura. Awa biyu ta yi laushi, ɓawon na saɓulewa da hannu, naman ya kafe ba ya bukatar ƙyalle. Ke nan wutar yau ita ke gyara kabewar gobe, ba a ƙara ko kara ɗaya ba. Daga ƙarshe 'ya'yanta da aka wanke aka barbaɗa wa gishiri suka shiga, yara suka raba.

Asabar, 14 ga Disamba

Awon kek da ya tsaya, na gwangwani biyu masu tsawon santimita 21 da faɗin 11: fulawa giram 500, gasasshiyar kabewa damammiya giram 400, sukari giram 250, man gyaɗa mililita 180, ƙwai 4, baƙar hoda (hodar da ke sa kek ya tashi) cokalin shayi 3, gishiri cokalin shayi 1, kirfa 2, garin citta 1, kanumfari kwatan cokali. Ga wadda ba ta da sikeli, gwangwanin madara da aka shafe bakinsa yana ɗaukar fulawa giram 90 zuwa 100, sukari wajen 140. Wato fulawa gwangwani biyar da ɗan ɗori, sukari biyu ba kaɗan, kabewa biyu da rabi, mai ɗaya da cokali biyu. Kada a danna fulawa a gwangwani, a zuba ta da cokali.

A tankaɗe busassun kaya tare a kwano ɗaya. A wani kwanon a kaɗa ƙwai da sukari, a zuba mai, a zuba kabewa bayan ta huce sarai. A juye busassun a kai, a juya da muciya iya yadda farin gari zai ɓace, a tsaya. Wanda aka yi ta bugawa kamar ƙullun ƙosai ya fito da tauri da dogayen ramuka a ciki, domin bugun na tada danƙon alkama, abin da ake so a burodi ba a kek ba. A shafa wa gwangwani mai a barbaɗa gari, a cika shi kashi biyu cikin uku, a watsa riɗi a sama. Minti 50 zuwa 60. Kada a buɗe ƙofa kafin minti 35. Tsinke mai tsabta ya shiga tsakiya ya fito a bushe.

Abin da ya ɓaci da dalilinsa. Wanda ya tashi ya faɗa a tsakiya, da layin danƙo a gindi, turararriyar kabewa ce da ba ta tsane ba. Wanda samansa ya tsage ya yi baƙi ciki na ɗanye, ya shiga tun tanderu na kan zafin burodi. In dole ne a shiga da wuri, a kifa masa wani tire a sama. Wanda bai tashi ba sam, hodar ce ta mutu. Baƙar hodar da ake ƙullawa a leda a kasuwar ƙauye tana shan iska, don haka a jefa rabin cokali a ruwan zafi kafin a yi amfani da ita: in ba ta yi kumfa nan take ba, kada a yi asarar ƙwai. Man gyaɗan gida kuma a soya shi da ɗan yankin citta ya huce tukuna, in ba haka ba warin ɗanyen mai na danne ƙamshin kabewa.

Asabar, 28 ga Disamba

Gwajin kayan da ke kusa da hannu a madadin na kanti. Mazarƙwaila ta karɓi rabin sukari da kyau, har ta fi shi dacewa da kabewa da citta. Sai dai a narkar da ita a ruwan zafi cokali huɗu a tace, don ba ta rasa yashi, a kuma jira tanderu ya sauko 170, tana saurin yin duhu. Tana da ɗan tsami, don haka an rage baƙar hoda zuwa cokali biyu an ƙara soda rabin cokali. Soda ba ta aiki sai da tsami, ko na mazarƙwaila ko na nono. In ta yi yawa, ɗanɗanon sabulu ne.

Kanwa ta ba da wahala. An jiƙa, an tace ruwan sama, an haɗa da nono, kuma ƙullun ya tashi. Amma ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne, ta yau daban ta gobe daban, ba yadda za a rubuta mata awo. Wani ya fito daidai, wani ya yi launin ƙasa mai duhu da bauri a harshe. A bar ta a waina, inda hannu ya saba da ita kuma ana ɗanɗana ƙullu ana gyarawa. Kek ba ya ba da wannan damar, in ya shiga ya shiga.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Burodi. Fulawa kilo 1, kabewa giram 350, ruwa mililita 300, busasshen yis giram 10, gishiri giram 16, sukari giram 80, mai mililita 60. Ruwan ya yi kama da kaɗan, amma kabewar na ɗauke da wajen wani 300 ɗin a jikinta. A fara da 250, a ƙara sauran in kwaɓin ya nema. Da aka kai kabewa giram 500 launin ya yi kyau, burodin kuwa ya yi nauyi ya ƙi tashi, don kabewa ba ta da danƙon da ke riƙe iska. Iyakarta kashi 35 zuwa 40 cikin 100 na nauyin fulawa. Murza minti 12 zuwa 15 da hannu, har a ja ɗan yanki ya miƙe siriri bai yage ba. Ba a sa komai na ƙara kumburi ba. Sinadarin buromet da wasu ke sawa a ɓoye, hukumar NAFDAC ta haramta shi tun tuni.

Sanyin asuba na wannan watan ya hana kwaɓi motsi. Yis ya fi son digiri 25 zuwa 30, ɗakin kuwa bai kai 18 ba da safe. An koma kwaɓawa da ruwa mai ɗumi, wanda bayan hannu ke jurewa, ana ajiye kwanon a gefen tanderu lokacin da ake hura shi, ba a kansa ba. Tashin farko awa ɗaya da rabi, na biyu a gwangwani minti 45. Kabewa mai zafi kai tsaye a kan yis kashe shi take yi. Iskar hunturu kuma na yi wa kwaɓi ɓawo cikin minti kaɗan, ɓawon ya hana shi kumbura ya bar tsaga a gefe, don haka a shafa mai a rufe da leda ko jiƙaƙƙen ƙyalle. Gashi minti 30 zuwa 35. Saboda sukarin kabewa yana yin ja da wuri, kada launi ya ruɗi mai gashi: a fitar a ƙwanƙwasa gindinsa, in bai yi amon fanko ba a mayar.

Alkamar gida. Filayen da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa, daga Kadawa zuwa Kura da nan Bunkure, duk sun yi kore da alkamar da aka shuka a Nuwamba da Disamba, amma girbinta sai Maris zuwa Afrilu. Wadda ke hannu ta bara ce, sai an duba ƙwari an wanke an shanya. A wajen niƙa a fara zuba kwano ɗaya a injin a ware shi, shi ke kwashe ragowar dawa da barkonon wanda ya riga ki. A tankaɗe da rariya mai laushi. Kashi 30 na garin gida da 70 na fulawa ya ba da burodi mai ƙamshin alkama da bai rasa tashi ba, sai dai a ƙara ruwa cokali uku zuwa huɗu, a bar kwaɓin ya huta minti 20 kafin murza, dusa ta sha ruwanta. Rabi da rabi ya yi gurasa mai kyau, burodin gwangwani kuwa ya gajarce.

Asabar, 25 ga Janairu

Kabewoyin da aka ajiye kan rumfa sun fara nuna gajiya, musamman waɗanda hancinsu ya karye tun a gona. Ta nan ruɓa ke shiga. An fere masu lafiyar, an yanka siriri kaurin rabin santimita, an turara minti uku don launi ya zauna, an baza a tabarma a kan rumfa an rufe da gidan sauro saboda ƙura da ƙuda. Kwana huɗu zuwa biyar suka bushe har suna karyewa. Wanda ke lanƙwasuwa bai bushe ba, in aka niƙa shi zai dunƙule ya yi fumfuna. Kilo 10 na ɗanyen nama bai cika kilo 1 na gari ba. An zuba a robobi masu murfi an ajiye a duhu, don rana na cin jan launin, kuma wannan launin shi ne abin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Garin kabewa a kek: giram 60 a jiƙa da ruwan ɗumi mililita 340 na rabin awa, ya tsaya a madadin giram 400 na damammiya. In aka zuba shi a bushe cikin fulawa, yana zuƙe ruwan ƙullu a cikin tanderu, kek ya fito yana marmashi. A burodi kada ya wuce giram 80 a kilo. Ƙamshinsa bai kai na gasasshiya ba, a ƙara citta kaɗan.

Dare ya fara ɗumi, don haka an daina kwana da gasasshiyar kabewa. A tsakiyar hunturu tana kaiwa asuba in an bar ta cikin ɓawonta a rufe a ɗaki mai sanyi. Yanzu kuwa kafin gari ya waye ta fara tsami. Wadda aka gasa a yi aiki da ita a ranar, ko a koma gari.

Kek ɗin kabewa ya fi kek ɗin biki danshi, bai kai shi daɗewa ba. Wanda aka ƙulla a leda da ɗuminsa ya yi gumi, fumfuna ta fito a kwana na biyu. A fitar daga gwangwani bayan minti goma, a ɗora a kan waya ko karan da aka jera, iska ta bi ta ƙasa, awa biyu cur kafin leda.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun 1 ga wata, zafi kuma ya shigo, an juya jadawalin. Ana hura wuta da ƙarfe goma sha ɗaya, gurasa ta shiga wajen ɗaya da rabi, burodi ƙarfe biyu, kek ƙarfe uku, komai ya huce kafin yara su fita da shi gabanin shan ruwa. Kwaɓin da ke cin awa ɗaya da rabi a Janairu yanzu minti 50 ya ninka, in aka bar shi ya wuce sai ya yi warin tsami ya faɗa a tanderu. An rage yis zuwa giram 7, ruwan randa mai sanyi ake kwaɓawa da shi. Ƙananan kek a gwangwanin madara, minti 22 zuwa 25, sun fi manya tafiya a wannan watan.

Wata matsala ta zafi ta fito a burodin da ya kwana biyu: tsakiyarsa ya yi laushi da danƙo, da wari irin na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce, in an raba shi yana jan zare. Ba fumfuna ba ce. Ƙwayar cuta ce da ke zuwa da gari da ƙura, wutar gashi ba ta kashe irinta, kuma burodi mai danshi irin na kabewa a ɗaki mai zafi shi take so. Wanda ya yi haka ba a ci. An sa ruwan khal babban cokali ɗaya a kowane kilo na gari, an wanke kwanuka da tebur da ƙyallaye da ruwan zafi da khal, an rage girman burodin daga giram 600 zuwa 400 don tsakiya ta gasu sosai ta kuma huce da wuri, an ƙara minti biyar a wuta. Na wannan makon bai yi ba.

Tsagar wuyan ƙofa ta ɗan buɗe, za a cike ta ranar da ba a hura wuta ba, a yi yaɓen makuba a ɗora rumfa kafin ƙarshen Afrilu. Garin kabewa da ya rage zai kai ƙaramar Sallah in an tsaya a giram 60. Sabuwar alkama in ta shigo sai ta huta sati biyu zuwa uku bayan niƙa kafin a sake gwada rabi da rabi a burodin gwangwani.